Direban Hoto Ya Ƙi Tashi a Linux: Tambayoyi da Amsoshi kan Modul ɗin Kanel

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi tasowa idan mutum ya sa Linux a kwamfutarsa, komai na tafiya lafiya, sai wata rana ya kunna ya tarar da baƙin allo, ko rubutu ya koma manya-manya, ko bidiyo na tafiya da ƙyar. Yawancin misalan na katin NVIDIA ne, don shi ya fi wahalar da mutane, amma akwai na AMD da Intel. Kanel ba ya ƙin ɗaukar modul ya yi shiru. Yana rubuta dalilinsa, kuma wanda ya karanta dalilin kafin ya taɓa komai, gyaransa bai cika wuce layi ɗaya ko biyu ba.

Mene ne modul ɗin kanel, kuma me ya haɗa shi da katin hoto?

Kanel shi ne zuciyar Linux, shi kaɗai ke magana kai tsaye da kayan ƙarfen da ke cikin kwamfuta. Ba a cusa masa dukkan direbobi a jiki ba. An raba su gunduwa-gunduwa a fayiloli masu ƙarewa da `.ko`, wani lokaci a matse kamar `.ko.zst` ko `.ko.xz`, ana ɗauko kowanne idan buƙatarsa ta taso. Su ake kira modul. Suna zaune a `/lib/modules/`, kuma kowane kanel da ke kwamfutarka yana da nasa ɗakin a can, mai ɗauke da lambarsa.

Direbobin AMD da Intel, wato `amdgpu` da `radeon` da `i915` da `xe`, tare da kanel suke zuwa, ana gina su rana ɗaya. Na kamfanin NVIDIA daga waje yake shigowa, kuma huɗu ne ke tafiya tare: `nvidia`, `nvidia_modeset`, `nvidia_drm` da `nvidia_uvm`. A nan tushen rigimar yake. Masu rubuta kanel ba su yi wa kowa alkawarin barin cikinsa yadda yake ba. Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel, ya ma rubuta takarda a kan haka, tana cikin takardun kanel har yau. Saboda haka modul kamar riga ce da tela ya ɗinka da awon mutum ɗaya: an gina shi domin kanel guda, idan kanel ya canja sai an sake ɗinki. Rubuta `modinfo nvidia` ka duba layin `vermagic`, za ka ga lambar kanel ɗin da aka auna.

Jiya lafiya lau na kashe ta, yau ta ƙi. Daga ina zan fara?

Kada ka goge komai tukuna. Umarni huɗu ka fara da su.

`uname -r` zai gaya maka kanel ɗin da kake kai yanzu. Sau da yawa a nan mutum ke gane cewa sabuntawar da ya yi jiya da dare ta kawo sabon kanel bai lura ba. Sai `lspci -nnk`, ka nemi layin da ke da VGA ko 3D. A ƙarƙashinsa akwai `Kernel driver in use`, wanda ke nuna direban da ke riƙe da katin a halin yanzu. Idan layin babu shi gaba ɗaya, ba wanda ya ɗauki katin. Lambobin da ke gefe ma suna da amfani: 10de NVIDIA ce, 1002 AMD, 8086 Intel.

Na uku, `sudo modprobe nvidia`. Wannan ne ya fi kowanne daraja, domin kana tilasta wa kanel ya gwada ɗaukar modul ɗin a gaban idonka, idan ya ƙi kuma ya faɗi dalili. Na huɗu, `sudo dmesg | grep -iE "nvrm|nvidia|nouveau"`, inda cikakken bayanin yake. Idan abin ya faru ne a tashin da ya gabata, `journalctl -k -b -1` zai nuna maka abin da kanel ya rubuta a wancan lokacin.

Sauran tambayoyin da ke ƙasa duk fassarar abin da waɗannan huɗun za su nuna maka ne.

Allon baƙi ƙirin ne, a ina zan rubuta umarnin?

Danna Ctrl da Alt da F3 tare. Yawanci kwamfutar tana raye, ɓangaren hoto ne kawai ya faɗi, sai ka ga an tambaye ka suna da kalmar sirri a rubutu zalla. Idan hakan bai yi ba, sake kunna ta, ka riƙe Shift ko ka danna Esc har jerin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ya fito, ka shiga `Advanced options` ka zaɓi tsohon kanel. Idan tsohon ya tashi da hoto lafiya, ka riga ka san inda ciwon yake: ba a gina wa sabon kanel modul ba, ko an gina bai karɓa ba.

Ya ce `Module nvidia not found in directory /lib/modules/...`

Fayil ɗin ne babu a ɗakin wannan kanel. Aikin gina shi a yawancin na'urori na DKMS ne, wani tsari da kamfanin Dell ya fito da shi a 2003 domin ya riƙa sake gina irin waɗannan modul duk lokacin da sabon kanel ya shigo. Rubuta `dkms status`. Idan ka ga `installed` a gaban tsohon kanel, amma sabon babu shi a jerin, ko ka ga `added` kawai, ginin bai yiwu ba.

Abin da ya fi jawo haka shi ne rashin fayilolin heda na kanel, waɗanda ba a iya gina modul sai da su. A Debian da Ubuntu, `sudo apt install linux-headers-$(uname -r)`. A Fedora sunansu `kernel-devel`. A Arch `linux-headers`, kuma mai amfani da `linux-lts` nasa `linux-lts-headers` ne, mutane na yawan rikita biyun. Bayan sun shiga, `sudo dkms autoinstall`.

Masu Fedora da suka ɗauko direba daga ma'ajiyar manhaja ta RPM Fusion ba DKMS suke amfani da shi ba, nasu `akmods` ne, kuma yana ginin ne a bayan fage bayan an gama sakawa. Wanda ya yi gaggawar sake kunna kwamfuta kafin ginin ya ƙare zai tashi ba modul. Ka jira 'yan mintoci, ka rubuta `modinfo -F version nvidia`. Sai ya ba ka lamba sannan ka kashe.

Hedan suna nan, amma DKMS ya ce ginin ya faɗi.

To sai a buɗe rahoton ginin, yana `/var/lib/dkms/nvidia/`, cikin ɗakin lambar direbanka, `build/make.log`. Kada tsawonsa ya tsorata ka. Nemi wurin da kalmar `error` ta fara bayyana, sauran da ke biye duk 'ya'yanta ne.

Idan kuskuren na cewa wani aiki ko wani suna na cikin kanel babu shi, ko ya canja siffa, kanel ɗinka ya girme wa direban. Wannan na samun masu Arch da Fedora da duk wanda ke ɗauko kanel da zafinsa. Mafita biyu ce: ka ɗaga direban zuwa sabo, ko ka koma kanel mai dogon zango, wato LTS wanda ake daɗewa ana kula da shi, har a gyara. Ni na fi son ta biyun ga wanda kwamfutar ce abincinsa. Haka ma idan ka ga ana maganar `GPL-only symbol`: direban ya taɓo wani abu da kanel ya keɓe wa modul masu lasisin GPL, wato lasisin buɗaɗɗiyar manhaja da kanel ke kai, kuma ba abin da za ka gyara da hannunka, sai sabon direba.

Idan kuma ƙorafin a kan `gcc` ne, an gina kanel da wani bugu na manhajar gini, kai kuma wani ne a kwamfutarka. `cat /proc/version` zai nuna wanda aka yi amfani da shi, sai ka saka irinsa.

Akwai dalilai biyu da ba su da alaƙa da direba ko kaɗan, kuma a wurinmu sun fi yadda ake zato yawa. Ɗaya, ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa, ga batirin laftof ya riga ya mutu. Kanel ya shiga, ginin modul bai kai ƙarshe ba. A Debian da Ubuntu `sudo dpkg --configure -a` zai ɗora daga inda aka tsaya, sai ka bi shi da `sudo apt -f install`. Na biyu, cikar `/boot`. Idan an yanka masa ɗan ƙaramin fili, tsofaffin kanel suka taru, sai ka ga `No space left on device`. Duba da `df -h /boot`, ka rage tsofaffin da `sudo apt autoremove`, amma ka bar aƙalla guda ɗaya da ka san yana tashi.

Modul ɗin yana nan, amma ya ce `Key was rejected by service`.

Wannan Secure Boot ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin yakan sa mutane goge Linux ɗinsu a banza. A tsofaffin kanel saƙon `Required key not available` ne, ma'anarsu ɗaya.

Ga yadda abin ke tafiya. Kwamfutocin zamani suna zuwa da mabuɗin Microsoft a cikin famwe ɗinsu, wato manhajar da ke fara tashi da zarar an kunna kwamfuta, kuma ba sa tayar da komai sai mai sa hannun da suka sani. Microsoft ta sa hannu a wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna `shim`. Ita kuma `shim` tana ɗauke da mabuɗin masu Linux ɗinka, Canonical mai Ubuntu ko Debian ko Fedora, da shi take tantance GRUB da kanel. Kanel ɗin da ya tashi ta wannan hanya, a waɗannan nau'o'in Linux, ba ya karɓar modul sai mai sa hannun da ya amince da shi. Modul ɗin da DKMS ya gina a cikin kwamfutarka kuwa, Canonical ba ta taɓa ganinsa ba, balle ta sa masa hannu. Sai kanel ya mayar da shi.

Tabbatar da `mokutil --sb-state`. Idan ya ce `enabled`, ka kama ɓarawon.

Gyaran shi ne ka gabatar wa kwamfutar mabuɗinka na kanka, wanda ake kira MOK, wato mabuɗin mai na'ura. Yawanci an riga an ƙirƙira shi, shigar da shi ne ba a yi ba. A Ubuntu yana `/var/lib/shim-signed/mok/MOK.der`. A Debian DKMS na ajiye nasa a `/var/lib/dkms/mok.pub`. A Fedora ana ƙirƙira shi da `kmodgenca`, ya zauna a `/etc/pki/akmods/certs/public_key.der`. Sai ka rubuta `sudo mokutil --import` ka bi shi da wurin fayil ɗin. Zai nemi kalmar sirri. Ta amfani sau ɗaya ce, ba sai ta yi tsawo ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Da ka sake kunnawa, wani shuɗin allo zai fito yana ƙirga daƙiƙa goma. Mutane da yawa suna ɗauka matsala ce, su bar shi ya wuce, ko su zaɓi a ci gaba da tashi. Idan ya wuce, mabuɗin bai shiga ba, sai ka sake daga `mokutil --import`. Danna kowane maɓalli da sauri, zaɓi `Enroll MOK`, sai `Continue`, sai `Yes`, ka rubuta kalmar sirrin nan. Ba za ka ga haruffan suna fitowa ba. Kuma allon na ɗaukar madannanka a tsarin Amurka ne, don haka masu madannai irin na Faransa, kamar yadda aka saba a Nijar da Kamaru da Chadi, su kula: inda kake ganin A can Q ne. Zaɓi kalmar da ba ta da harafin da ke canja wuri, ka huta.

Bayan ta tashi, `modinfo nvidia | grep signer` zai nuna wanda ya sa wa modul hannu. Idan babu komai, an gina shi kafin mabuɗin ya samu, sai a sake gini.

Masu Ubuntu suna da gajeriyar hanya. Canonical na raba modul ɗin NVIDIA da ta gina ta sa wa hannu da kanta, a ƙunshi masu suna irin `linux-modules-nvidia-...-generic`, kuma `sudo ubuntu-drivers install` su yake fifitawa. Da su ba ruwanka da MOK.

Ba zai fi sauƙi in kashe Secure Boot kawai ba?

Zai fi sauƙi, kuma zai yi aiki. Amma in kana da Windows a gefe mai BitLocker, wato kullen faifai na Windows, ka nemo mabuɗin ceto ka ajiye kafin ka taɓa, domin canjin na iya sa Windows ta rufe ƙofa ta nemi lambobin nan 48. Windows 11 da wasu wasannin da ke kanta ma suna son a bar shi a kunne. A ganina shigar da MOK aikin minti biyar ne da ake yi sau ɗaya, ya fi a cire kariya gaba ɗaya saboda direba guda.

`lspci` na nuna `nouveau` ne ke riƙe da katin. Wane ne shi?

Direban NVIDIA ne na 'yan sa-kai, wanda suka rubuta ta hanyar bin diddigin yadda katin ke aiki, kuma yana cikin kanel. Shi ne ke ba ka hoto ranar da ka fara saka Linux. Kati ɗaya direba ɗaya ke riƙe shi, wanda ya riga shi ya samu. Idan `nouveau` ya riga, na kamfani zai iso ya tarar ba wuri, kuma a `dmesg` za ka ga `The NVIDIA probe routine was not called for 1 device(s)`.

Ana hana shi tashi da fayil a `/etc/modprobe.d/`, misali `blacklist-nouveau.conf`, mai layi biyu: `blacklist nouveau` da `options nouveau modeset=0`. Ƙunshin direba na yawancin nau'o'in Linux yana yin wannan da kansa.

Sai dai da yawa sukan rubuta fayil ɗin daidai, su sake kunnawa, su tarar `nouveau` na nan daram. Dalili shi ne `initramfs`, ɗan ƙaramin tsarin da kanel ke buɗewa tun kafin ya isa ga faifanka. Yana ɗauke da nasa kwafin modul da na saituna, kuma naka sabon fayil bai shiga ciki ba. Sai an sake haɗa shi: `sudo update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu, `sudo dracut --force` a Fedora, `sudo mkinitcpio -P` a Arch.

Abu ɗaya da za a kiyaye: idan ka toshe `nouveau` alhali na kamfani bai ginu ba, ka bar katin ba direba ko ɗaya. Fara tabbatar da modul ɗin yana nan.

`nvidia-smi`, umarnin duba halin katin NVIDIA, na cewa `Driver/library version mismatch`.

Sake kunna kwamfutar. Sau da yawa shi ke nan. Direban NVIDIA rabi biyu ne, modul a cikin kanel da ɗakunan karatu na manhaja a waje, kuma dole lambarsu ta zo ɗaya. Sabuntawa ta canja na faifai, tsohon modul kuma na zaune a ƙwaƙwalwa. Idan bayan sake kunnawa bai tafi ba, kwatanta `cat /proc/driver/nvidia/version` da `modinfo -F version nvidia`. In sun saɓa, tsohon modul ya maƙale a `initramfs`, ko kuma direba biyu ne a kwamfutar suna karo.

Ya ce `No such device`, ga kati kuma ina ganinsa.

In ba `nouveau` ba ne, to direban ya daina sanin katinka. Wannan ya shafe mu sosai, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, katinsu ya kwana biyu. NVIDIA na yanke tsofaffin katuna daga sabon direba, ta bar su a reshe na daban. Zuriyar Tesla ta tsaya a 340, Fermi a 390, Kepler a 470, sannan Maxwell da Pascal da Volta a 580. ThinkPad T430 mai NVS 5400M, alal misali, Fermi ne, 390 ne iyakarsa. Kanel yakan faɗa ƙarara a `dmesg` cewa katin na ƙarƙashin wane reshe.

Kada ka dogara da sunan da ke jikin kwali. GeForce GT 730 an sayar da shi da ƙwaƙwalwar hoto iri-iri a cikinsa, wani Fermi wani Kepler, suna ɗaya direba daban. Lambar da `lspci -nn` ya nuna ita ce shaida.

Maganar gaskiya game da 340 da 390: kamfanin ya daina kula da su, na 390 tun ƙarshen 2022, kuma duk sabon kanel sai an yi musu faci kafin su ginu. Mai irin wannan kati, musamman laftof da ke da Intel a gefe, ya fi masa kwanciyar hankali ya zauna a `nouveau` ko ya yi aiki da Intel ɗin. Don rubutu da intanet da kallon bidiyo ba zai ga bambancin da ya kai wahalar ba.

Na ga ƙunshi biyu, ɗaya da `open` a sunansa. Wanne zan ɗauka?

A watan Mayun 2022, da direba mai lamba 515, NVIDIA ta buɗe lambar modul ɗinta na kanel. Waɗannan buɗaɗɗun sun dogara ne da wata 'yar na'ura a cikin katin mai suna GSP, wadda ta fara daga zuriyar Turing, wato GTX 16 da RTX 20 zuwa sama. Daga 560 su kamfanin ya mayar na farko ga katunan da suka iya, kuma RTX 50 ba ya aiki sai da su. Idan katinka GTX 10 ne ko ƙasa, buɗaɗɗen zai ginu lafiya lau, amma ba zai ɗauki katin ba. Kuma kada a rikita shi da `nouveau`, gida daban ne.

Zan iya sauke fayil ɗin `.run` daga shafin NVIDIA in huta?

Ba na ba da wannan shawara. Fayil ɗin na zuba kayansa ne ba da sanin manajan ƙunshi na Linux ɗinka ba. Ranar da sabuntawa ta zo, kowanne zai taka na ɗan'uwansa, sai ka tashi da rabin direba daga nan rabi daga can. Idan ka riga ka saka, cire shi da `sudo nvidia-uninstall` kafin ka koma na ma'ajiyar Linux ɗinka, kada ka ɗora wani kan wani.

Katina AMD ne, na ɗauka ba ruwansa da wannan.

Ba ruwansa da DKMS da MOK, gaskiya ne. Nasa ciwon famwe ne. Modul ɗin `amdgpu` na buƙatar wasu fayiloli daga `/lib/firmware/amdgpu/` domin ya tayar da katin, idan babu su sai ka ga `Direct firmware load for amdgpu/... failed with error -2`. Lambar -2 a Linux na nufin ba a sami fayil ba. Saka `linux-firmware`, a Debian kuma `firmware-amd-graphics`. Kafin Debian 12 ta 2023 ba a sa irin wannan famwe a faifan sakawa na hukuma, shi ya sa masu tsohuwar Debian suka sha wannan. Idan katin sabo ne fil, yana iya yiwuwa kanel ɗin ne ya tsufa bai san shi ba.

Akwai kuma tsofaffin katunan AMD na zuriyar GCN ta farko da ta biyu, irin su Radeon HD 7970 da R9 290, waɗanda direba biyu ke iya ɗauka. Shekaru da yawa `radeon` ne ke kama su, alhali Vulkan, tsarin hoto da wasanni ke amfani da shi, sai da `amdgpu`. In ka tarar da naka a hannun `radeon`, ana juya shi da `radeon.si_support=0 amdgpu.si_support=1` a layin kanel, wato layin da ya fara da `linux` a GRUB, ko `cik_support` ga zuriya ta biyu.

Intel ba ta cika ba da matsala ba. In sabuwar na'ura ce kanel ya ce a sa `force_probe`, ma'anarsa tallafin bai kammala ba tukuna, sabon kanel ne maganin.

An ce in sa `nomodeset`, na sa, hoto ya dawo. Na gama?

Ba ka gama ba. `nomodeset` na hana direbobin hoto na kanel karɓar allon, sai a bar ka da hoton da famwe ya kunna tun farko. Amfaninsa ka samu ka shiga ka yi gyara: a jerin GRUB ka danna `e`, ka ƙara shi a ƙarshen layin da ya fara da `linux`, ka danna F10. Na tashi ɗaya ne. Matsalar ita ce wanda ya rubuta shi dindindin a `/etc/default/grub` ya manta, bayan wata shida yana mamakin me ya sa `amdgpu` ko `i915` ba sa tashi, allo na biyu ba ya kamawa, hasken allo ba ya raguwa. Duk mai binciken irin wannan matsala ya duba `cat /proc/cmdline` ya ga ko yana ciki.

`dmesg` na cewa modul ya `taints kernel`. Na lalata wani abu ne?

A'a. Alama ce kawai da kanel ke sa wa kansa cewa an shigo masa da modul daga waje ko mai rufaffen lasisi, domin masu gyaran kanel su sani idan aka kawo musu rahoto. Duk mai direban NVIDIA yana ganin wannan layi.

Modul huɗun sun hau, `lsmod` ya nuna su, amma har yanzu akwai matsala.

To an wuce maganar ɗaukar modul, saura saiti. Idan Wayland, sabon tsarin nuna tagogi a allo, ne ya ƙi, duba `sudo cat /sys/module/nvidia_drm/parameters/modeset`. Y ake so. In N ne, ƙara `nvidia-drm.modeset=1` a layin kanel.

A laftof mai kati biyu, Intel ko AMD ne ke riƙe da allo, NVIDIA na kwance har sai an kira shi. Ganin `nvidia-smi` ba ya nuna aiki ba alamar lalacewa ba ce. A Ubuntu `prime-select query` zai faɗi yanayin da kake ciki, a Arch kuma `prime-run` ke tura manhaja ga NVIDIA.

Idan kuwa hoto na ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ka ga `Xid 79` da `GPU has fallen off the bus`, katin ya ɓace wa kanel gaba ɗaya. Yawanci a nan sai a duba ƙarfe: wutar da ke isa katin, zamansa a raminsa, da zafi. A watannin bazara, ko bayan ƙurar hunturu ta cika fanka, buɗe akwatin a share shi ya fi sake saka direba amfani.

Ina so in sauke modul in sake ɗora shi, ya ce `is in use`.

Allon da kake kallo ne ke amfani da shi. Koma Ctrl da Alt da F3, ka rubuta `sudo systemctl isolate multi-user.target` domin a kashe ɓangaren hoto, sannan `sudo modprobe -r nvidia_drm nvidia_modeset nvidia_uvm nvidia`. Na ƙarshen sai sauran sun sauka yake sauka. Adana aikinka kafin nan, duk tagogin da ke buɗe za su rufe.

Na gwada duk wannan bai yi ba. Me zan tura wa wanda zai taimake ni?

"Direbana ba ya aiki" ba ta isa kowa ya gane komai ba, sai a yi ta jifa a duhu. Tura sunan Linux ɗinka da bugunsa, da abin da `uname -r` da `lspci -nnk` da `dkms status` da `mokutil --sb-state` suka fitar, da ainihin saƙon `modprobe` harafi da harafi. Faɗi abin da ya canja kafin matsalar, ko da kana ganin ba shi da alaƙa, da kuma ta inda ka saka direban. Kwafin rubutu ya fi hoton allo da waya, amma in hoton ne kaɗai mafita, ka tabbatar layukan na karantuwa.

Masu NVIDIA suna da `sudo nvidia-bug-report.sh`, wanda ke tattara komai a fayil ɗaya mai suna `nvidia-bug-report.log.gz`. Buɗe shi ka duba kafin ka saka a bainar jama'a, domin sunan kwamfutarka da sunan da kake shiga da shi suna iya kasancewa a ciki.